Darasin Lafiyar Iyali: Teɓar Maigida Da Cututtuka Uku Masu Saiwa Ɗaya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi lafiyar mazajenmu. A nan Birnin Kebbi da Argungu da kewaye, da wuya a sami unguwar da ba a taɓa cewa Alhaji wane ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci ba, ko Malam wane ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ɗan shekara 45 ko 50, jiya-jiya yana harkarsa, yau ga matansa a cikin takaba, ga marayu ƙanana. Ajali dai na Allah ne, wannan babu ja. Amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, ya kuma umarce mu da riƙo da sababi. A cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.), an lissafa mace a cikin masu kiwon da za a tambaya, kuma kiwon da aka ba ta shi ne gidan mijinta. To tukunyar da ake ciyar da maigida da ita tana cikin wannan kiwo.

MATAFIYA UKU, HANYA ƊAYA

Mun saba jin hawan jini daban, ciwon sukari daban, kitse a jini daban. A shekarar 1988 wani likitan Jami'ar Sitanfod ta Amurka, Gerald Reaven, ya gabatar da wata lacca da ta yi suna, inda ya nuna cewa waɗannan matsaloli suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya, kuma sau da yawa saiwarsu ɗaya ce: jiki ya daina sauraron wani sinadari da ake kira insulin.

Mene ne insulin? A bayan tumbin da abinci ke sauka akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke ce wa fankiriyas, ita ke samar da shi. Duk tuwo, ko shinkafa, ko burodi, ko fura da mutum ya ci, cikinsa yana narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa wannan sukari ƙofa ya shiga tsokar jiki da hanta, a yi amfani da shi ko a adana. Ki ɗauke shi kamar mabuɗi.

Idan kitse ya taru a cikin ciki, ya kewaye hanji da hanta, kuma mutum ba ya motsa jiki, sai kwaɗon ƙofar ya fara tsatsa. Mabuɗi ɗaya ba ya isa. Sai fankiriyas ta riƙa aiko da insulin ninki biyu, ninki uku, don dai ƙofa ta buɗe. Shekaru ana haka, in aka gwada sukarin jini a ga yana daidai, alhali jini cike yake da insulin. Wannan yawan insulin, tare da kitsen cikin, su ke haifar da sauran:

1. Suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, suna kuma sa jijiyoyin jini su ɗaure. Ruwa ya yi yawa, hanya ta ƙuntata, sai jini ya hau.

2. Suna sa hanta ta riƙa zubo kitse a cikin jini, sannan kolestarol mai amfani, wanda ake rubutawa HDL a takardar gwaji, ya ragu. Shi wannan HDL shi ke taimakawa wajen kwashe kitse daga jijiyoyi. Idan ya yi ƙaranci, mai cutarwar, wato LDL, sai ya sami sarari ya liƙe a bangon jijiya, kamar yadda maiƙo ke toshe magudanar ruwan wanke-wanke.

3. Ranar da fankiriyas ta gaji, sukari ya haye, sai a ce wane ya kamu da ciwon sukari. Alhali ciwon ya daɗe yana tafe.

Ƙarshen wannan hanya shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko lalacewar ƙoda, ko raunin gani.

ME YA SA MAZA?

Mu ma mata ba mu tsira ba. Sai dai kafin mace ta daina al'ada, jikinta ya fi ajiye kitse a ƙugu da cinyoyi. Namiji kuwa nasa ciki yake nufa, kuma kitsen ciki shi ne mai haɗarin, domin jinin da ya fito daga can kai-tsaye hanta yake wucewa. Shi ya sa za ki ga mutum hannuwa da ƙafafu sirara, amma ga teɓa ta turo riga. Mu kuma muna ganin haka sai mu ce, "Masha Allah, Alhaji ya samu, hutu ya zauna." Uwargida har alfahari take yi, wai girkinta ya karɓe shi. Babbar riga kuma ta rufa asiri.

Ki dubi yadda rayuwa ta sauya. Kakanninmu Kabawa a fadama suke wuni da fartanya, ko a kan ruwa suna tuƙa kwalekwale. Abincinsu gero da dawa da maiwa da shinkafar gida da kifi. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, aikin ofis da zaman shago suka yawaita. Yau ma'aikacin Sakatariyar Gwadangaji ko ɗan kasuwa yana fita a mota ko babur, ya wuni a zaune, ya dawo ya zauna a majalisa. Masallacin da ke bayan layi ma wani sai ya hau babur. Ci ya ƙaru, gumi ya ragu.

Wani abin kuma, mu mata awon ciki yana kai mu asibiti, ana auna jininmu ko muna so ko ba mu so. Namiji fa? Sai ya yi shekara ashirin ba a ɗaura masa ma'aunin jini ba. In kai ya yi ciwo a ce rana ce, in kasala ta zo a ce basir ne, a aika a sayo jiƙo.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa manya masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

A gida ma an yi babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa. An gudanar da shi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka fitar da sakamako a 2018. An kwatanta mutum 2,118 da suka sami shanyewar ɓarin jiki da wasu 2,118 da ba su samu ba. Hawan jini shi ya zo kan gaba nesa ba kusa ba. A cikin sauran abubuwan da aka gano akwai rikicewar kitsen jini, da girman ciki, da ciwon sukari, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an sauke, da damuwa, da shan taba.

'Yar'uwa, ki sake karanta wannan jerin. Nawa ne a ciki suke bi ta ɗakin girkinmu? Sannan ki lura, yawancin abin da muke ɗora wa iska ko sammu, har a ɓata zumunci ana zargin kishiya ko dangin miji, ga sababinsa nan a fili. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji Hausawa, balle wanda ma'aunin jini zai iya warwarewa.

ALAMOMI DA AWO

Hawan jini da kitsen jini galibi ba su da wata alama. Amma akwai abubuwan da matar aure za ta riga kowa gani: wuyan maigida ya yi baƙi ya yi kauri ta baya ko a hammata, kamar datti amma ba ya fita da wanka, munshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, gyangyaɗi bayan kowane cin abinci, yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ciwon da ba ya saurin warkewa. Akwai kuma raunin da kan sami namiji ta fuskar auratayya. Babu kunya a neman sanin addini, haka ma lafiya: jijiyoyin wannan wuri ƙanana ne, sukan riga na zuciya nuna toshewa. Wannan dalilin ganin likita ne. Magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu a tasha da bakin kasuwa ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma wasu suna da haɗari ƙwarai ga mai shan maganin zuciya.

Ba a saba auna insulin kansa a asibitocinmu ba, kuma ba lallai ne ba. Likitoci suna duba abubuwa biyar. Bisa matsayar da manyan ƙungiyoyin likitocin sukari da na zuciya suka cimma a 2009, wanda ya haɗa uku daga cikinsu ya shiga sahun masu wannan matsala:

1. Faɗin ciki: santimita 94 ko fiye ga namiji, wato inci 37 a tef ɗin tela. Ga mace santimita 80.
2. Awon jini: 130 bisa 85 ko fiye. Idan ya tsaya a 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya a ranaku daban-daban, hawan jini ya tabbata.
3. Sukarin jini kafin karin kumallo: 100 ko fiye, wasu na'urorin suna nuna shi 5.6. Idan ya kai 126, wato 7.0, aka kuma maimaita aka sami haka, ciwon sukari ne.
4. Kitsen jini da ake kira tiraigilisarid: 150 ko fiye.
5. HDL: ƙasa da 40 ga namiji.

Na farkon a gida za ki yi shi. Ki zagaya tef tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, bayan ya saki numfashi. Kada ki dogara da awon wandonsa, domin maza da yawa a ƙarƙashin teɓa suke ɗaurawa. In babu tef, ki auna tsawonsa da zare, ki ninka zaren biyu. Idan rabin bai zagaye cikinsa ba, to ciki ya wuce kima.

Sauran huɗun sai an je wurin ma'aikatan lafiya. Awon jini da na sukari ana yin su ko a ƙaramin asibitin unguwa. Na kitsen jini a nema a Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da muka saba kira FMC a Birnin Kebbi, ko a tambaya a Babban Asibitin Argungu. A kula da abu biyu. A jikin baƙar fata, lamba ta huɗu takan fito daidai ko da matsalar insulin tana nan, don haka kada ita kaɗai ta kwantar mana da hankali. Sannan siririn mutum ma yana kamuwa da hawan jini. Duk magidanci ya auna, akalla sau ɗaya a shekara.

GYARAN TUKUNYA

Addininmu ya riga ya shimfiɗa mana ƙa'ida. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba (R.A.), wanda Tirmizi ya ruwaito, ya yi gargaɗi a kan cika ciki, ya kuma koyar da raba shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ga yadda za mu fassara wannan a tukunya:

Shinkafa. Allah ya yi wa kwarin Rima albarkar shinkafa, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, nomanta ya ƙara bunƙasa. Ba a ce a daina ci ba. Amma tuwon farar shinkafa da aka tuƙa ya yi laushi yana saurin komawa sukari. A rage malmala, a ƙara miya. A riƙa haɗa shinkafa da wake, a fifita wadda aka turara kafin a cashe. A dawo da tuwon dawa da na gero, kuma kada a surfe su har dusar ta ƙare, domin dusar nan ita ke rage saurin hawan sukari.

Ganye. Zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, alayyafo, kuɓewa, kuka, duk muna da su da araha. Rabin kwanon maigida ya zama ganye da kayan lambu. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan ya fi masa soyayyen dankali.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun safe har dare. Dunƙulen ɗanɗanon miya wajen rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wannan fuska, haka yajin da aka cika wa dunƙule. A rage sannu a hankali, harshe zai saba cikin 'yan makonni. A ƙara daddawa, da albasar Aliero, da tafarnuwa, da citta, da busasshen kifi marar gishiri.

Mai da nama. A riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. A rage man shanu da kitse da kayan ciki, a daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Garin da duniya ta san shi da bikin kamun kifi tun 1934 bai kamata mazansa su fi cin tsire da balangu a kan kifi ba. Farfesun tarwaɗa, ko karfasa gasasshiya, ko giwan ruwa, sau biyu ko uku a mako. Naman layya kuma a raba shi yadda shari'a ta kwaɗaitar, kada a soye rago guda a zauna masa wata biyu.

Abin sha. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Lemon malt ma haka yake da zaƙi, ba ya ƙara jini. Shayin da ake cika wa sukari da madarar gwangwani, da kunun zaƙi, da fura da aka zuba wa sukari, duk a sassauta. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa wajen saukar da jini, amma ba ya maye gurbin magani.

Ga wata magana ta musamman ga masu abokan zama. Idan uwargida ta rage mai da dunƙule, amarya kuma ranar girkinta ta cika kwano da soye-soye don ta burge, to an yi ba a yi ba, kuma uwargida ce za ta zama marar iya girki. Ku zauna ku yi shawara. Mijin nan ɗaya ne, in ya kwanta dukanku za ku yi jinya, in ya rasu dukanku za ku yi takaba.

TAFIYA DA MAGANI

A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an bi mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da 'yan kai ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar a mako. A zafin garinmu, bayan Asuba ko bayan Isha'i ya fi. Ya taka zuwa masallaci da ƙafa, ga lada ga lafiya. Mai shan taba kuma ya yi ƙoƙarin rabuwa da ita.

Idan likita ya rubuta magani, a sha kullum. Maganin hawan jini riƙe shi yake yi, ba ya tumɓuke shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha kati ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Wani kuma ya ce shan magani kullum rashin tawakkali ne, alhali hadisin Usamatu ɗan Sharik (R.A.) a cikin Abu Dawuda da Tirmizi ya yi umarni da neman magani. Ki ajiye masa ƙwayar kusa da abin karin kumallo, ki tuna masa kafin ta ƙare. A guji haɗin maganin ciwon jiki na kemis ba da sanin likita ba, domin wasunsu suna tayar da jini suna kuma taɓa ƙoda.

Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ga likita kafin Ramadan a gyara masa lokutan magani. Likitoci sun ce idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 yana azumi, ya karya, kuma Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Mu kuma kada mu mayar da buɗa-baki gasar ƙosai da soye-soye da lemo.

Idan kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da gumi, to a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

YADDA ZA KI YI MASA MAGANA

Namiji ba ya son a nuna masa ya gaza. Kada ki ce masa ya yi ƙaton ciki, balle a gaban yara. Ki nemi lokacin da ransa ke sake, ki ce, "Malam, ina so in je a auna jinina, don Allah ka raka ni mu auna tare." Gyaran tukunya kuma ya zama na gida duka, kada a ware masa kwano kamar majinyaci. In ya ƙi ji, ki bi ta wajen Hajiyarsa ko amininsa ko limamin da yake girmamawa. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKIN GIDA

1. Ki auna cikin maigida da naki, ki rubuta da kwanan wata.
2. Ki ƙirga dunƙule nawa da cokalin mai nawa kike sa wa miya, ki rage kashi ɗaya cikin uku a wannan wata.
3. Ku sa ranar zuwa awon jini da sukari kafin fitowa ta gaba.
4. Ki karanta wa 'yan ajinku na Islamiyya wannan darasi, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar mu da mazajenmu cikin aminci, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana.